In na sayi HIVE ƙuri'ata zata yi nauyi?

"Assalamu alaikum Malam. Wata huɗu kenan ina rubutu a Hive, kusan kullum sai na saka abu amma abin da nake samu bai taka kara ya karya ba. Kuma in na danna wa wani ƙuri'a sifili nake gani, alhali akwai waɗanda in suka danna sau ɗaya sai kaga dala biyar ta hau kan rubutun mutum. Wani ya ce min wai sai na sayi kirifton na zuba. Da gaske ne in na saya ƙuri'ata zata yi nauyi? Kuma rubutuna zai fara kawo kuɗi? Ina da 'yan kuɗin da na tara, bana son in zuba su a banza."

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Tambayarka guda biyu ce ka haɗa su wuri ɗaya, kuma amsarsu ba ɗaya ba ce, shi yasa nake so mu raba su tun daga farko. Ta farko, in ka sayi kirifton ƙuri'arka zata ƙara nauyi? Eh, zata ƙara, babu ko tantama, haka aka gina tsarin tun ranar farko, amma da sharaɗin sai ka kulle abin da ka saya. Ta biyu, rubutunka zai fara kawo kuɗi saboda ka saya? A'a, ba kai tsaye ba. Kuɗin da ka zuba yana ƙara nauyin abin da kai kake ba wasu ne, abin da wasu zasu ba ka kuwa yana hannunsu. A nan ne mafi yawan sababbin shiga suke ruɗewa, kuma nima a nan na ruɗe lokacin da na fara, don haka bari in bi da kai a hankali.

Daga ina wannan tsari ya samo asali

Hive dandalin rubutu ne da aka gina a kan bulokcen, wato rajistar intanet da ba mutum ɗaya ke riƙe da ita ba, kuɗin kirifton wurin kuma shi ake kira HIVE. Hive ɗiyar Steem ce. Ned Scott da Dan Larimer ne suka kafa Steem a 2016 tare da shafin Steemit, da tunanin cewa maimakon kamfani irin Facebook ya kwashe ribar abin da mutane ke rubutawa, bulokcen ɗin da kansa ya riƙa ƙirƙiro sabon kuɗi kullum yana raba wa marubuta da masu zaɓo rubutu mai kyau. To matsalar ita ce wa zai yanke wanda ya cancanta? In aka ce kowane akawun ƙuri'a ɗaya, mutum ɗaya zai zauna a ɗakinsa ya buɗe akawun dubu ya riƙa zaɓen kansa, tunda ba a tambayar katin shaida. Sai suka ce to a auna ƙuri'a da yawan abin da mutum ya kulle a cikin tsarin, don wanda ya kulle dukiyarsa shi ne zai fi jin zafi in wurin ya lalace. Ko ka buɗe akawun dubu ka rarraba kuɗinka a ciki, nauyin jimillarsu daidai yake da na akawun ɗaya. Wannan shi ne dalilin, ba wai an yi ne don a fifita masu kuɗi kawai ba, duk da dai a aikace fifikon yana nan kuma ba zan ɓoye maka ba.

Abin da ake kullewar shi ake kira Steem Power a Steem, a Hive kuma Hive Power, a taƙaice HP. Ka lura da kyau a nan. In ka sayi HIVE ka bar shi a kasuwar musayar kirifto, ƙuri'arka bata ƙaru da komai ba. In ka turo shi walet ɗinka na Hive ka bar shi a sake, nan ma bata ƙaru ba. In ka mayar da shi HBD, wancan da aka ɗaure darajarsa da dala, shi ma ba ruwansa da ƙuri'a. Sai ka shiga walet ka danna inda aka rubuta Power Up, HIVE ɗin ya koma HP, a lokacin ne nauyin ke hawa, kuma nan take yake hawa in dai ƙuri'ar rubutu ce. Na sha ganin wanda ya saya ya ajiye a walet sati biyu yana ta mamakin me yasa har yanzu sifili yake gani.

Shiga da sauƙi, fita ce ke da jira. A Hive in ka ce zaka kwance HP ɗinka sati 13 ake ɗauka, duk sati a sako maka kashi ɗaya cikin 13. A farkon Steem ma sati 104 ne, shekara biyu cur, sai a ƙarshen 2016 aka rage zuwa 13, sannan Steem ta sake ragewa zuwa sati 4 a 2020, ita kuwa Hive ta tsaya a kan 13.

Yadda ake lissafin nauyin

Ka ɗauka akwai wata babbar tukunya da ake zuba sabon HIVE a ciki dare da rana. Daga cikin sabon kuɗin da ake ƙirƙira kashi 65 cikin ɗari ne ke shiga wannan tukunyar ta lada, 15 na masu riƙe da HP, 10 na shaidu masu kula da bulokcen, 10 kuma na asusun raya tsarin da ake kira DHF. HP ɗinka shi ne girman ludayin da ke hannunka. Duk lokacin da ka danna ƙuri'a, ka ɗebo ne daga tukunyar ka zuba a kwanon wani. Ba daga aljihunka yake fita ba, HP ɗinka baya raguwa don ka yi zaɓe. Mai HP 10,000 ludayinsa ya ninka na mai HP 1,000 sau goma, daidai wa daida, haka ƙa'idar take a Hive tun sauyin da aka yi a watan Yunin 2021.

Da ba haka take ba, kuma yana da kyau ka sani don ka gane cewa ƙa'idar nan mutane ne ke canza ta. A farkon Steem ninkin-ba-ninkin ake yi, wanda ya fi ka sau goma tasirinsa na iya fin naka sau ɗari, manyan kifaye kamar yadda ake kiransu a can su ne komai, ƙananan kuwa ƙuri'arsu kamar babu. A Yunin 2017 aka miƙar da lissafin ya zama daidai da abin da kowa ya kulle. A Agustan 2019 aka sake lanƙwasa shi kaɗan ta yadda rubutu mai ƙaramin lada ke ƙara raguwa, sannan Hive ta sake miƙar da shi a 2021. Sau uku kenan cikin shekara huɗu.

Bayan girman ludayi akwai abu biyu da ke taɓa kowace ƙuri'a. Na farko cajin ƙuri'ar, wanda yake kamar batirin waya. Yana cika a ɗari bisa ɗari, kowace cikakkiyar ƙuri'a tana cin kusan kashi 2, kuma yana dawowa da kashi 20 a rana. Shi yasa zaka ji ana cewa ƙuri'a goma a rana, don goman nan ita ce abin da zai dawo maka kafin gobe war haka. In ka yi ta dannawa har ka ƙarar da shi tas, kwana biyar zaka jira ya cika. Na biyu, kai ne ke zaɓar ko cikakkiyar ƙuri'a zaka bayar ko rabi ko kashi goma, akwai ɗan abin ja da kake saita shi a PeakD da Ecency, manhajojin da ake shiga Hive da su.

Sai kuma abin da mutane basa so su ji. Abin da ka saya kaso ne a cikin jama'a, ba adadi tsayayye ba. Tukunyar bata ƙaruwa don kai ka shigo da babban ludayi. In yau ka sayi HP dubu, gobe wasu suka shigo suka kulle miliyoyi suna zaɓe da su, kasonka ya ragu ko da lambar da ke walet ɗinka bata motsa ba. Sannan dalar da kake gani a ƙasan rubutu lissafi ne da farashin HIVE, ana ɗaukar tsaka-tsakin farashin da shaidu suka bayar na kwana uku da rabi. Farashi ya faɗi rabi, darajar ƙuri'arka a dala ta faɗi rabi. Wanda ka gani yana danna dala biyar, wata rana da HP ɗin nan nasa dala biyu zai danna, wata rana kuma goma.

Sifilin da kake gani kuwa ba wai ƙuri'arka bata ƙirguwa ba ne, tana ƙirguwa, ƙanƙantarta ce ta sa bata kai abin da allon zai nuna ba. Akwai kuma wata ƙa'ida, duk rubutu ko sharhin da jimillar ladansa bai kai senti 2 ba a ranar biya, ba a biyan komai, ya koma tukunya. Don haka in ƙuri'arka ƙarama ce kada ka ɓata ta a kan sharhin da ba wanda ya zaɓa sai kai, ka sa ta inda wasu suka riga suka zaɓa.

To me zai dawo maka

Bayan kwana bakwai ake biyan kowane rubutu. Rabi na marubuci, rabi na waɗanda suka zaɓa, kowa gwargwadon nauyin da ya sa. Kafin Agustan 2019 marubuci ne ke ɗaukar 75, masu zaɓe 25. Kenan duk ludayin da ka zuba wa wani, kusan rabinsa naka ne, kuma a HP ake ba ka shi. A Hive in ka zaɓa cikin awa 24 na farko kana samun cikakken kasonka, bayan nan yana raguwa, in ya wuce kwana uku ya ragu sosai.

Bari mu buga lissafi da lambar misali, ba farashin yau nake faɗa maka ba, kai zaka duba naka. A ce ka sayi HP da ya sa cikakkiyar ƙuri'arka ta zama senti 2. Goma a rana senti 20 kenan. Rabi ya dawo maka, senti 10. A shekara wajen dala 36, in baka tsallake ko rana ɗaya ba kuma farashi ya tsaya cak, wanda baya tsayawa. Yanzu sai ka ɗauko abin da ka kashe wajen sayen wannan HP ɗin ka ajiye kusa da dala 36 ɗin ka duba. PeakD na nuna maka darajar ƙuri'arka, in ka san ta mai HP dubu ka san ta kowa, ninkawa ce kawai. Duk wanda ya yi wannan lissafin kafin ya saya baya zuwa daga baya yana cewa an yaudare shi. Mafi yawan masu kuka basu yi ba.

Abin da kuɗin baya saya maka

Nan ne tambayarka ta biyu. Ladan rubutunka yana fitowa ne daga ƙuri'un wasu. Ko HP miliyan gare ka, in ba wanda ya zaɓi rubutunka sifili ne, sai dai in kai ka zaɓi kanka. Zaɓen kai kuwa tsarin bai hana ba, amma jama'ar wurin suna kallo, komai a buɗe yake, kowa na iya ganin wa ka zaɓa da nawa. Mutum ya zaɓi rubutunsa ɗaya a rana sauran tara ya ba wasu, yawanci ba mai ɗaga masa murya. Amma wanda ya mayar da goman duka kan kansa da sharhinsa, ba a daɗewa ƙuri'ar dannewa, wadda ke rage ladan rubutu, zata fara sauka a kansa. Ita ma wannan da nauyin HP take aiki, kuma tun 2019 kowa na da wani caji daban na dannewa, kwatankwacin rubu'in na ɗagawa, wanda baya taɓa masa ladan zaɓensa. Kenan wanda ya fi ka HP zai iya share duk abin da ka zuba wa kanka ba tare da ya yi asarar komai ba. Wannan ma wani ɓangare ne na amsar: nauyin da ka saya yana aiki ne muddin wanda ya fi ka nauyi bai ƙi ba.

Lambar nan da ke kusa da sunanka, wadda kowa ke farawa da 25, ita ma kuɗi baya sayenta kai tsaye. Tana hawa ne da nauyin ƙuri'un da aka ba rubutunka, kuma bata ƙara wa ƙuri'arka ko sisi. Zaka ga mai lamba 75 da ƙuri'arsa bata kai senti ɗaya ba saboda yana cire duk abin da ya samu, ka ga mai 40 da ƙuri'arsa ta fi dala.

Amma in na ce maka HP baya taimakon rubutu kwata-kwata na yi ƙarya. Yana taimakawa ta bayan gida. Na ɗaya, akwai abin da ake kira Resource Credits tun Satumban 2018, kamar data yake, duk rubutu da sharhi da zaɓe suna cinsa kuma yawansa na bin HP ɗinka. Sabon akawun mara komai yana iya yin sharhi 'yan kaɗan ya ga an ce ya jira. Ɗan HP kaɗan yana cire maka wannan takurar gaba ɗaya, kuma a ganina wannan ne amfanin saye mafi girma ga sabon shiga. Na biyu, mutane mutane ne, wanda ƙuri'arsa ke nuna wani abu ana lura da sunansa, a leƙo shafinsa, da ruwan ciki ake jan na rijiya. Na uku, masu manyan akawun da ƙungiyoyin zaɓo rubutu irin OCD da Curangel sukan duba walet ɗin marubuci, kuma da yawa daga cikin masu zaɓe sun fi sakin hannu ga wanda suka ga yana barin wani abu a ciki a kan wanda ko kwabo ya shigo sai ya kwashe.

Ni a farkon 2018 na fara zubawa a Steem, lokacin farashi na sama, ya kai wajen dala 8 a Janairun shekarar. Na ɗauka da zarar na kulle rubutuna zai tashi. Ƙuri'ata ta yi nauyi kamar yadda aka ce, amma ladan rubutuna bai motsa ba, don waɗanda ke karanta ni jiya su ne dai ke karanta ni yau. Lokacin kuma zamanin sayen ƙuri'a ne, akwai akawun na inji da zaka tura wa kuɗi su danna maka, shafin farko duk ya cika da rubutun da aka saya wa matsayi. Na gwada na wani lokaci, abin da ke dawowa da kyar yake rufe abin da na tura, wani lokacin ma baya rufewa, kuma ba mai karatu ko ɗaya da ya ƙaru min ta wannan hanyar. Kafin ƙarshen 2019 STEEM ya sauko ƙasa da senti 20. Wallahi abin ya taɓa ni, don kuɗin gumina ne, kuma ina kallo yana narkewa ga shi a kulle. Abin da ya canza min lamarin daga baya shi ne zama a cikin al'umma ɗaya, ina karanta na mutane ina musu sharhi na gaske, har aka san sunana. Mafi yawan HP ɗin da nake da shi yau daga lada ya taru, tunda rabin ladan marubuci a HP yake zuwa in baka canza saitin ba, kuma kana iya saita shi ya zo duka a HP.

Ɗaya ƙuri'ar, wadda ta fi wannan girma

Akwai wata ƙuri'a da sababbi basa damuwa da ita, alhali ita ce ke yanke duk ƙa'idojin da na lissafa maka. Bulokcen ɗin shaidu ne ke tafiyar da shi, 20 na sama da ƙarin ɗaya da ake juyawa a cikin na baya, kowane daƙiƙa uku a rufe shafi ɗaya na rajista. Masu HP ne ke zaɓensu, kowane akawun na iya zaɓen har 30, kuma nan ma da nauyin HP ake ƙirgawa. Haka ma kuɗin asusun DHF, masu HP ne ke zaɓen ayyukan da za a biya.

In kana son hujjar cewa kuɗi na sayen iko a irin waɗannan wuraren, abin da ya faru a 2020 ya ishe ka. A Fabrairun shekarar Justin Sun mai bulokcen ɗin Tron ya sayi kamfanin Steemit, da tarin STEEM ɗin da kamfanin ke riƙe da shi tun farko, wajen kashi ɗaya cikin biyar na duka kuɗin, wanda jama'a suka daɗe da fahimtar cewa na raya tsarin ne ba na zaɓe ba. Shaidu suka ji tsoro suka daskarar da wannan kason na ɗan lokaci. Ranar 2 ga Maris sai aka wayi gari manyan kasuwannin musaya uku, Binance da Huobi da Poloniex, sun kulle STEEM ɗin da ke ajiye a wurinsu sun yi zaɓe da shi, aka sauke shaidu 20 ɗin nan gaba ɗaya aka ɗora sababbi. Binance da Huobi sun janye ƙuri'unsu daga baya, amma aikin gama ya gama. Ranar 20 ga Maris 2020 jama'a suka kwafi bulokcen ɗin suka tashi da shi da sunan Hive, kowa aka ba shi HIVE daidai da STEEM ɗinsa, banda akawun ɗin kamfanin da wasu da suka mara masa baya. A watan Mayu kuma sababbin shaidun Steem suka yi sauyin da ya ƙwace sama da STEEM miliyan 23 daga akawun 64.

Ni abu biyu na ɗauka daga wannan. Kuɗi ya sayi kujerun cikin kwana ɗaya, wannan gaskiya ne. Amma bai sayi marubutan da masu gina manhajojin ba, sun tattara sun bar masa wurin. Kuma wanda ya bar kuɗinsa a kasuwar musaya, da nauyinsa aka yi zaɓen da ba a tambaye shi ba. Saboda wannan darasin ne Hive ta sa doka a Oktoban 2020 cewa sabon HP sai ya kwana 30 kafin a ƙirga shi a zaɓen shaidu da na DHF. Don haka in ka saya yau, ƙuri'ar rubutu nan take, ta shugabanci sai bayan wata. Kuma tun 2021 in ka shekara baka taɓa zaɓen shugabanci ba ana share ƙuri'unka, sai ka sabunta.

Me nake ganin ya dace da kai

Kuɗin da ka ce ka tara, in na haya ne ko na makaranta ko jarin sana'a, dan Allah kada ka kulle shi. Sati 13 ba wasa ba ne a kasuwar da farashi ke iya rabewa biyu cikin wata. HIVE ya haura dala 3 a Nuwamban 2021, daga baya ya dawo ƙasa da senti 50 ya daɗe a can. Wanda ya saya a saman nan HP ɗinsa ya ƙaru a lamba, amma a dala har yanzu ladan zaɓe bai cike masa gurbin ba.

In kuma rarar kuɗi ce da ko ta tafi ba zaka kasa barci ba, ka fara da kaɗan, abin da zai cire maka takurar sharhi ya sa ƙuri'arka ta fara nuna wani abu, ka zauna da shi wata biyu ko uku ka ga yadda lissafin ke tafiya a akawun ɗinka kafin ka ƙara. Ranar ɗaya ga kowane wata jama'ar Hive na yin ranar kulle HP tare, da yawa a ranar suke ɗan ƙarawa, saye kaɗan-kaɗan haka ya fi zuba komai rana ɗaya.

Akwai kuma aro. Mai HP na iya ara maka nauyinsa ba tare da kuɗin ya bar hannunsa ba, ƙuri'arka ta rubutu ta ƙaru, ladan zaɓen ma naka ne, amma nauyin zaɓen shaidu yana nan wurin mai shi, kuma duk ranar da ya ga dama ya janye, bayan kwana biyar ya koma masa. Tsofaffin wurin sukan ara wa sababbin da suka ga suna da himma, 'yan Najeriya da 'yan Ghana suna da yawa a Hive kuma suna da al'ummominsu, ka shiga ka gabatar da kanka. Kai ma in ka sayi HP baka da lokacin zaɓe goma kullum, kana iya ara wa wata ƙungiyar zaɓe ta riƙa ba ka kaso, amma ka bincika tarihin biyansu tukunna.

Wajen sayen ma ka yi hattara. Daga Najeriya yawanci sai ka bi ta hannun mutum ka sayi USDT, kirifton da aka ɗaure darajarsa da dala, sannan ka canza zuwa HIVE, ga shi dokokin suna ta juyawa: Babban Bankin Najeriya ya hana bankuna hulɗa da harkar kirifto a Fabrairun 2021, ya sassauta a Disamban 2023, Binance kuma ta rufe hada-hadar naira a Maris 2024. Kowane mataki akwai caji, ka sa shi cikin lissafinka. In zaka turo daga kasuwa zuwa walet ka duba sunan akawun ɗinka harafi-harafi, kuskuren harafi ɗaya kuɗin ya tafi wurin wani kuma ba mai dawo maka da shi. Makullan akawun ɗinka kuma, na rubutu da zaɓe shi kaɗai zaka riƙa sawa a manhaja kullum, na motsa kuɗi sai lokacin buƙata, babban makullin kuwa ka rubuta a takarda ka adana, kada ka ba kowa ko da ya ce zai taimaka maka ne ya kulle maka HP.

Duk abin da na faɗa a kan Steem da Hive ne, inda na zauna na yi aiki da hannuna. Akwai Blurt da ta fito daga Steem a 2020 ta cire ƙuri'ar dannewa, akwai kuma ƙananan kuɗaɗen al'ummomi a kan Hive Engine, wani tsari da aka ɗora a kan Hive, irin LEO da ke da tasu tukunyar daban, in ka kulle su nauyinka a can yake hawa ba a babbar tukunyar HIVE ba, kowanne ka karanta ƙa'idarsa kafin ka zuba. Batun halacci kuma, musamman ajiyar HBD da ake ba wa ƙarin kaso a shekara wanda shaidu ke tsayarwa, da ƙarin da HP ke yi da kansa daga kashi 15 ɗin can, wannan fagen malamai ne ba nawa ba. Ka kai wa malamin da ka yarda da iliminsa, ka bayyana masa yadda kowanne ke aiki dalla-dalla, ladan rubutu daban, ladan zaɓe daban, ajiyar HBD daban, don kada ya ba ka hukunci ɗaya a kan abu uku.

Ka turo min yawan HP ɗin da kake da shi yanzu da al'ummar da kake saka rubutunka a ciki, in duba in gani ko matsalar ta nauyi ce ko ta inda kake ajiye rubutun, don wata huɗu ana rubutu kullum ba a samun komai yawanci alama ce ta cewa rubutun baya isa gaban masu zaɓe.